Tambayoyi da Amsoshi: Su Wane Ne Mutanen The Great Gatsby, Kuma Me Ya Haɗa Su?

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu karanta The Great Gatsby, ko ɗaliban da aka ɗora wa littafin a aji, ko waɗanda suka fara ganin fim ɗin sannan suka nemi asalin labarin. Littafin ba shi da kauri, babi 9 ne kacal, amma mutanensa a sarƙe suke, marubucin kuma ba ya ba da tarihinsu a jere. Wanda bai gama karantawa ba ya sani, amsoshin nan sun tona ƙarshen labarin.

Wa ya rubuta littafin, kuma a ina labarin ya faru?

F. Scott Fitzgerald ne ya rubuta shi, ya fito a watan Afrilun 1925. Labarin kuwa na 'yan watannin zafi ne na shekarar 1922, a tsibirin Long Island da ke jikin birnin New York. Marubucin ya ƙirƙiro unguwanni biyu masu kallon juna, ruwa ya raba su. East Egg ta waɗanda suka buɗe ido suka tarar da dukiya a gidansu ce, West Egg kuma ta waɗanda suka samu jiya-jiyan nan. A kan hanyar shiga birni akwai filin da ake jibge tokar gari, kwarin toka, nan talakawan labarin suke zaune.

Wanda ya riƙe wuraren nan uku ya riƙe rabin littafin, domin kusan kowace alaƙa a cikinsa ta wani ce da ke miƙa hannu zuwa inda ya fi ƙarfinsa. A kuma tuna, daga 1920 zuwa 1933 doka ta hana sayar da giya a Amurka, abin da ya buɗe wa 'yan fasa-ƙwauri ƙofar arziki.

Su wane ne manyan mutanen, a taƙaice?

Bakwai ne. Nick Carraway shi ke ba da labarin. Ya zo New York koyon cinikin takardun lamuni, ya kama hayar ɗan gida a West Egg kan dala 80 a wata. Maƙwabcinsa shi ne Jay Gatsby, attajirin da ba wanda ya san daga ina ya ɓullo. A ƙetaren ruwa akwai Daisy da mijinta Tom Buchanan, da ƙawarta Jordan Baker, 'yar wasan golf. A kwarin toka kuma akwai George Wilson mai gareji da matarsa Myrtle.

Ga yadda igiyar ta ɗaure su: Gatsby na son Daisy, Daisy matar Tom ce, Tom na neman Myrtle, Myrtle matar George ce. Nick ya san kowa, yana kuma ɗan taɓa soyayya da Jordan. Kafin a rufe littafin uku daga cikin bakwai ɗin sun mutu, ba kuwa ko ɗaya daga East Egg.

Mece ce dangantakar Nick da Daisy da Tom?

Daisy 'yar'uwar Nick ce ta nesa, zumuncin kakanni. Ba tare suka tashi ba, shi da kansa ya ce sanin da ya yi musu ita da mijinta na sama-sama ne. Tom kuwa sun haɗu a jami'ar Yale, inda Nick ya gama a 1915.

Wannan ɗan zumunci kowa ya mora. Tom ya jawo Nick daga jirgin ƙasa ya kai shi ya ga farkarsa, ko a jikinsa, don ya tabbata ba za a kai wa Daisy rahoto ba. Gatsby ya nemi Nick ne don shi ne hanyar da za ta kai shi ga Daisy. Nick ba mai kuɗi ba ne, amma ɗan gidan mutunci ne, danginsa sun daɗe da kasuwancin sarin kayan ƙarfe a garinsu. Shi ya sa yake shiga gidan Buchanan a karɓe shi hannu bibbiyu, abin da Gatsby da duk dukiyarsa bai taɓa samu ba.

Mene ne asalin Gatsby? Wane labarin nasa ne gaskiya?

Sunansa na yanka James Gatz, ɗan wasu manoma marasa hali a jihar North Dakota. Ya shiga kwalejin St. Olaf, ya yi mako 2 ya gudu, don ya kasa jure aikin shara da goge-gogen da yake biyan kuɗin makaranta da shi. Yana ɗan shekara 17 yana gararamba a bakin tafkin Superior ya hango jirgin ruwan wani tsohon attajiri, Dan Cody, wanda ya yi kuɗi a haƙar ma'adinai. Ya tuƙa kwale-kwale ya je ya gargaɗe shi cewa iska na tafe. A nan take ya ba da sunansa a matsayin Jay Gatsby. Ya yi shekara 5 yana wa Cody hidima. Da tsohon ya mutu ya bar masa dala 25,000, amma wata mata, Ella Kaye, ta bi ta hanyar shari'a ta handame, Gatsby bai ga ko sisi ba.

Abin da ya gaya wa Nick a mota kuwa, gaskiya da ƙarya ne a cakuɗe. Cewa shi ɗan attajirai ne da suka mutu suka bar masa gado, ƙarya ce tsagwaronta. Har ya ce garinsu San Francisco yana tsakiyar ƙasar, alhali a bakin tekun yamma yake. Amma yaƙi ya je, ya kai muƙamin manjo, ya kuma nuna wa Nick lambar yabo daga ƙasar Montenegro. Jami'ar Oxford ma ya je, sai dai wata 5 kawai ya yi a 1919, cikin damar da aka ba wasu hafsoshi bayan an tsagaita wuta. Tarihinsa na gaskiya sai a babi na 6 yake fitowa, duk da cewa Nick bai ji shi ba sai daren ƙarshe, shi ya sa masu karatu da dama ke ruɗewa.

Ina ya samu kuɗinsa, kuma wane ne Meyer Wolfsheim?

Littafin bai buɗe asusun Gatsby ya nuna mana ba, amma alamun sun isa. Tom ya bincika ya gano cewa Gatsby da Wolfsheim sun sayi ƙananan kantunan magani a New York da Chicago suna sayar da barasa ta bayan fage. Bayan mutuwar Gatsby wani ya bugo waya daga Chicago, bai san da wa yake magana ba, ya ce an kama yaronsu yana miƙa wasu takardun lamuni. Ke nan harkar ta wuce giya.

Wolfsheim shi ne ubangidansa. Ɗan caca ne wanda Gatsby ya ce shi ya murɗe babbar gasar baseball ta 1919, kuma maɓallan hannun rigarsa haƙoran mutum ne. Ya gaya wa Nick cewa shi ya tsinci Gatsby bayan yaƙi, yana yawo da kakin soja don ba shi da kuɗin sayen wasu kaya, ya kwana biyu bai ci abinci ba. Yadda Fitzgerald ya zana shi, da yawan maganar hancinsa, ya bi sahun raini ga Yahudawa da ya zama ruwan dare a rubuce-rubucen lokacin, kuma masu nazari sun daɗe suna sukar hakan.

Yaya Gatsby da Daisy suka haɗu, me kuma ya hana su aure?

A birnin Louisville ne, cikin 1917. Daisy Fay tana shekara 18, ita ce tauraruwar 'yan matan garin, hafsoshin barikin Camp Taylor suna ta layin bugo mata waya. Gatsby laftana ne a cikinsu, ba shi da ko anini, amma kaki ya rufa masa asiri. Ya bar ta ta ɗauka cewa shi ma ɗan gida irin nasu ne. Sai aka tura shi yaƙi a Faransa. Daisy ta jira, har ta yi yunƙurin zuwa New York yi masa ban kwana mahaifiyarta ta hana. Yaƙi ya ƙare, shi bai dawo ba, ga samari sun yi mata caa.

A watan Yunin 1919 ta auri Tom, wanda ya zo daga Chicago da mutum 100 'yan rakiya, ya ba ta sarƙar lu'ulu'u ta dala 350,000. Jordan, wadda ke cikin ƙawayen amarya, ita ta ba da labarin jajiberin ɗaurin auren. Ta shiga ɗaki ta tarar da Daisy a buge, kwalba a hannu ɗaya, wasiƙa a ɗaya hannun, ta zaro sarƙar daga kwandon shara tana cewa a mayar wa mai ita, ta fasa. Suka tsoma ta a ruwan sanyi, ita da wata 'yar aiki. Ta ƙi sakin wasiƙar har ta jiƙe ta dagargaje. Bayan rabin awa sarƙar na wuyanta, washegari aka ɗaura aure. Ba a faɗi wanda ya aiko wasiƙar ba, mai karatu dai ba ya buƙatar a gaya masa.

Me ya sa Gatsby yake haɗa shagali kowane ƙarshen mako, shi da ko giya bai damu da ita ba?

Tarko ne ya ɗana wa mutum ɗaya. Ya sayi gidan ne don yana kallon na Daisy ta ƙetaren ruwa, inda wata koriyar fitila ke ci a bakin gaɓarsu. Yana fata wata rana ta faɗo cikin baƙin. Ba ta zo ba, sai ya bi ta hannun Jordan ya roƙi Nick ya gayyaci Daisy shan shayi, shi kuma ya leƙo kamar da katsaham.

Ranar haɗuwar ta nuna Gatsby fiye da kowane shagali. Ya aiko a yanke ciyawar gidan Nick, ya aiko da furanni kamar za a buɗe kanti, ana ruwan sama. Da Daisy ta iso sai ya sulale ta ƙofar baya, ya zagayo ya ƙwanƙwasa ta gaba, a jiƙe sharkaf. Ya jingina da bango ya kusa kayar da wani mataccen agogo, ya cafe shi hannu na rawa. Daga baya ya zagaya da ita gidansa, ya buɗe kabad ya dinga watso rigunan da ake aiko masa daga Ingila, ita kuma ta kifa kai a kansu ta fashe da kuka. Bayan ta halarci shagali ɗaya bai burge ta ba, sai ya daina gaba ɗaya, ya sallami barorinsa ya kawo mutanen Wolfsheim masu kame baki, domin Daisy ta fara zuwa da rana.

Tunda ya yi kuɗi, me ya hana su Tom karɓar sa?

Kuɗi ya samu, asali ne bai samu ba, kuma bai san dokokin da ba a rubuta ba. Akwai wani ɗan guntun zama a babi na 6 da ake yawan tsallakewa. Tom da wani mai suna Sloane da wata mata suka biyo a kan dawakai suka tsaya shan abu a gidan Gatsby. Matar, bayan ta ɗan sha, ta ce ya zo cin abincin dare. Tayin baki ne, kowa ya gane har Nick, wanda ya ba da uzuri. Gatsby ya ɗauka da gaske, ya ce ba shi da doki amma zai bi su a mota. Ya shiga ɗauko hula, kafin ya fito sun kama hanya.

Tom kuwa mutum ne da ya kwaso garken dawakin folo daga Lake Forest, kusa da Chicago, ya kawo New York; mai karatu a Katsina ko Kaduna ya san irin gidajen da ke riƙe dawakin folo. A idonsa mai sa kwat ruwan hoda ba zai taɓa zama ɗan Oxford ba. Wannan raini kuma ba ga Gatsby kaɗai ya tsaya ba. Tun a babin farko Tom ke yaba wani littafi da ke cewa baƙaƙe da sauran jinsuna za su rinjayi fararen fata in ba a tashi tsaye ba.

Daisy ɗin yake so, ko abin da take wakilta?

Ba na jin shi kansa zai iya raba su. Gidan su Daisy shi ne gida mafi kyau da ya taɓa shiga, kuma yawan masu son ta ya ƙara mata daraja a idonsa. Shi ne ya gaya wa Nick cewa muryarta cike take da kuɗi, bai kuma faɗa da nufin suka ba. Duk da haka ba za a kira shi ɗan cin arziki ba, domin a 1922 ba ya buƙatar ko kwabonta, kuma ya yarda ya ɗauki laifin kisan da ba shi ya yi ba saboda ita.

Matsalarsa ita ce Daisy ta 1917 yake nema. So yake a share shekara 5, a koma Louisville a ɗaura aure daga gidan iyayenta kamar Tom bai taɓa wanzuwa ba. Da Nick ya ce masa abin da ya wuce ba ya dawowa, mamaki ma ya yi, ya ce sosai kuwa yana dawowa. Duba amsar da ke kan 'yar Daisy, can ne wannan mafarki ya fara cin karo da gaskiya.

To ita Daisy ta so shi? Me ya sa ta zauna da Tom?

Ta so shi, amma bai nemi so kawai ba. A ɗakin otal ɗin Plaza, ranar da zafi ya fi tsanani, ya matsa mata ta faɗa a gaban kowa cewa ba ta taɓa son Tom ba. Ta faɗa da ƙyar. Sai Tom ya sassauta murya ya tuna mata ranar da ya ɗauko ta a hannu don kada takalmanta su jiƙe, nan ta karaya, ta ce wa Gatsby abin da yake nema ya yi yawa: ta so Tom a da, shi ma kuma ta so shi. Daga nan Tom ya zazzage abin da ya binciko kan kantunan magani, Daisy ta tsorata ta ja baya. Tom ya tabbata ya ci, har ya ce ta koma gida a motar Gatsby, don wulaƙanci.

Masu karatu da yawa suna tsine wa Daisy, ni kuwa ina ganin a fara duba abin da aka ajiye a gabanta. Miji ne da ya fara cin amanarta wata 3 da aure, da wata mai gyaran ɗaki a otal a Santa Barbara, har jarida ta buga don sun yi hatsari tare. A ɗaya gefen kuma mutum ne da ta gano yanzun nan cewa dukiyarsa na iya kai shi kurkuku. Ta zaɓi inda ba abin da zai taɓa ta. Abin da ba shi da uzuri shi ne wanda ta yi bayan hatsarin da ya kashe Myrtle.

Me Tom da Myrtle ke nema a wajen juna?

A jirgin ƙasa suka haɗu, kayan jikinsa ne suka fara ɗaukar hankalinta. Ya kama mata ɗakuna a titi na 158 a New York, inda take canza riga ta canza murya, tana yi wa masu aiki tsawa kamar uwargidan East Egg. Ita hanyar fita daga kwarin toka take gani. An ma gaya mata cewa Daisy 'yar Katolika ce shi ya sa saki ba zai yiwu ba, ƙaryar da ta ba Nick mamaki.

Shi kuwa Tom bai taɓa niyyar aurenta ba. Ya saya mata ɗan kare na dala 10 a bakin titi, a daren nan kuma da ta dage tana kiran sunan Daisy ya kai mata mari ya fasa mata hanci. A wajensa ko sunan matarsa ya fi ƙarfin bakin Myrtle.

George Wilson bai san abin da ake ciki ba?

Bai sani ba sai a ƙarshe, kuma ko a lokacin bai san da wa ba. Yana ɗauka wajen ƙanwarta Catherine matarsa ke zuwa. Tom na riƙe da shi da alkawarin zai sayar masa da wata mota ya samu ɗan riba, don haka kwarton matarsa shi ne mutumin da yake wa ladabi. Myrtle ta raina shi tun da ta gano cewa kwat ɗin da ya sa ranar aurensu na aro ne.

Abin da ya tona asirin igiyar kare ce mai tsada da ya gani a naɗe, alhali ba su da kare. Ya kulle ta a bene, ya ce jibi za su bar garin. Bayan mutuwarta ya tsaya a taga yana kallon wasu manyan idanu a allon tallar likitan ido, T. J. Eckleburg, yana cewa Allah na ganin komai. Maƙwabcinsa Michaelis, Bagirke mai shagon kofi, ya ce masa ai talla ce kawai.

Wa ya kaɗe Myrtle, kuma me ya sa ta fito titi a guje?

Daisy ce ke tuƙi. Ruɗanin daga musayar motoci ya samo asali. A tafiya, Tom ya karɓi motar Gatsby mai ruwan ɗorawa ya ɗauki Nick da Jordan, Gatsby da Daisy suka shiga shuɗiyar motar Tom. Tom ya tsaya shan mai a garejin Wilson, har ya yi masa ƙaryar cewa motar tasa ce. Myrtle na leƙe ta tagar bene, ta ga Jordan ta ɗauka ita ce matar Tom.

A dawowa kowa ya koma motarsa. Da magariba Myrtle ta kuɓuce, ta hango mota mai ruwan ɗorawa, ta ɗauka Tom ne a ciki ta nufe ta tana ɗaga hannu. Daisy ta kauce wajen wata mota mai zuwa, tsoro ya kama ta, ta dawo kan matar, ba ta kuma tsaya ba. Ba ta san wadda ta kashe farkar mijinta ce ba. Gatsby ya gaya wa Nick gaskiya a daren, ya ce zai ce shi ne. Ya tsaya a lambun gidan Buchanan har wajen ƙarfe 4 na asuba yana gadi kada Tom ya taɓa ta. Nick kuwa ya leƙa ta tagar kicin ya gan su biyu a tebur, ga soyayyar kaza da ta huce, hannun Tom a kan nata, suna ƙus-ƙus irin na masu ƙulla magana.

Tom ya san Daisy ce ta yi kisan lokacin da ya nuna wa George gidan Gatsby?

Littafin ya bar wannan a buɗe, da gangan. Washegari George ya je gidan Tom da bindiga a aljihu, Tom ya gaya masa mai motar. George ya tarar da Gatsby kwance a kan katifar iska a tafkin ninkayarsa, wanda bai shiga ba duk lokacin zafin sai ranar, yana jiran wayar Daisy. Ya harbe shi ya harbe kansa, yana ganin ya kashe kwarton matarsa kuma makashinta, alhali Gatsby ba ko ɗaya daga ciki.

Da Nick ya ci karo da Tom a watan Oktoba, Tom ya yi magana kamar wanda ya yi imani Gatsby ne ya take Myrtle ya wuce. Idan haka ne, Daisy ta ɓoye wa mijinta ke nan. Idan kuma ya sani, to ya tura mai bindiga wajen wanda ya san ba shi da laifi. Ni na fi karkata ga na farko, saboda Tom ba gwanin ɓoye abu ba ne, amma zaman kicin ɗin da aka ambata a amsar da ta gabata yana ba ɗaya ɓangaren hujja.

Yaya ta ƙare tsakanin Nick da Jordan?

Ta mutu a waya, washegarin hatsarin. Tun farko Nick ya san halinta: ta bar motar aro a buɗe ruwa ya dake ta ta yi ƙarya, an kuma taɓa zarginta da gusar da ƙwallo a wata babbar gasa. Bai dame shi ba sai da ya ga bayan mutuwar Myrtle ita matsa masa take ya shigo gidan Buchanan, wai dare bai yi ba. A haɗuwarsu ta ƙarshe ta ce an yi mata baiko da wani, abin da Nick bai gaskata ba, ta kuma ce da ta ɗauka shi mai gaskiya ne.

Za a iya yarda da duk abin da Nick ya faɗa?

A yi hattara da shi. Ya buɗe littafin da cewa ba ya saurin yanke wa mutane hukunci, sannan ya yanke wa kusan kowa. Ya ce yana cikin 'yan tsirarun masu gaskiya da ya sani, alhali a lokacin yana aika wa wata yarinya a garinsu wasiƙa kowane mako yana kuma bin Jordan. Ya san da Myrtle bai gaya wa Daisy ba, ya buɗe gidansa Daisy ta haɗu da Gatsby bai gaya wa Tom ba. Mafi nauyi, shi kaɗai ya rage wanda Gatsby ya gaya wa mai tuƙin, amma bai faɗa wa hukuma ba, bai faɗa wa Tom ba, ƙarshe ma hannu ya ba shi suka gaisa.

Wannan bai sa labarinsa ya zama ƙarya ba. Yana nufin dai son da yake wa Gatsby ya shiga cikin yadda ya zana shi. Shi ne ya ce bai taɓa amincewa da halin Gatsby ba daga farko har ƙarshe, shi ne kuma ya ɗaga murya ya ce masa ya fi su duka in an haɗa.

Ina 'yar Daisy a cikin duk wannan?

Pammy sau ɗaya ta fito a fili, a babi na 7, mai reno ta kawo ta ta gaida baƙi aka mayar da ita. Gatsby ya yi ta kallonta da mamaki. Nick ya ce da alama bai taɓa yarda cewa akwai ta ba. Ita ce shaidar da ba ta gogewa cewa shekarun nan 5 sun faru. Daisy ta gaya wa Nick cewa ranar haihuwar ta farfaɗo ba Tom ba labarinsa, da aka ce mace ce ta yi kuka, ta yi fatan yarinyar ta tashi kyakkyawa maras wayo, don a ganinta hakan ya fi wa mace sauƙi a duniyarsu.

Su wa suka je jana'izar Gatsby?

Nick, da mahaifin Gatsby, da limamin coci, da barori huɗu ko biyar, da mai raba wasiƙun West Egg, sai wani baƙo mai manyan tabarau wanda ya taɓa mamakin cewa littattafan ɗakin karatun Gatsby na gaske ne. Daisy da Tom sun kwashe kaya sun bar gari ba adireshi, ko fure ba ta aiko ba. Wolfsheim ya ce ba ya son shiga rigima. Klipspringer, wanda ya tare a gidan yana ci yana sha, ya bugo waya ne kawai a aika masa takalmansa na tanis.

Mahaifin, Henry Gatz, a jaridar Chicago ya ga labarin ya taho daga Minnesota. Yana yawo da tsohon hoton gidan ɗansa a walat, ya kuma nuna wa Nick wani littafin yara da Jimmy, wato Gatsby yana yaro, ya rubuta jadawalinsa a bayansa a 1906: tashi ƙarfe 6, motsa jiki, koyon iya magana, ajiye dala 3 a mako bayan ya soke 5, da kyautata wa iyaye. Tsohon ya ce shekara 2 da suka wuce ɗan ya zo ya saya masa gidan da yake ciki. Gatsby dai ya gaya wa Nick cewa danginsa duk sun mutu.

Akwai mutanen gaske a bayan waɗannan? Fim kuma ya isa a madadin littafin?

Akwai. Fitzgerald ya so Ginevra King, 'yar attajiran Chicago, bai same ta ba. Yana hafsan soja a kusa da Montgomery ta jihar Alabama ya haɗu da Zelda Sayre, wadda ta warware baikonsu har sai da littafinsa na farko ya samu karɓuwa, suka yi aure a 1920. Daisy ta ɗebo daga su biyun. Jordan an gina ta a kan Edith Cummings, zakarar golf kuma ƙawar Ginevra. Wolfsheim kuma a kan Arnold Rothstein, ɗan cacan da aka zarga da murɗe gasar 1919. West Egg ita ce Great Neck, inda Fitzgerald ya zauna daga 1922 zuwa 1924.

Fina-finan da aka fi sani su ne na 1974 da Robert Redford, da na 2013 da Leonardo DiCaprio. Mai shirin jarrabawa kada ya dogara da na 2013: ya sa Nick yana rubuta labarin a asibitin masu jinyar shaye-shaye, abin da babu shi a littafin, ya kuma cire zuwan mahaifin Gatsby gaba ɗaya.